Kwamfuta Mai Allo Ɗaya: Yadda Ake Zaɓenta da Yadda Ake Gano Ciwonta

Duk shekara, idan ɗaliban injiniyan lantarki da na kimiyyar kwamfuta suka doshi aikin kammala karatu, akwai tambayar da ba ta fashi: "Arduino zan saya ko Raspberry Pi?" Ita ce kuma tambayar mai haɗa sola da ke son ganin halin da baturansa suke ciki daga wayarsa, da manomin rani da ya ji labarin na'urar da za ta kunna masa famfo ta kashe da kanta. Tun daga tambayar aka fara kuskure, domin abubuwan biyu ba jinsinsu ɗaya ba. Bayan an saya kuma sai ruɗani na biyu ya biyo baya. Na'urar da ta yi aiki lafiya lau a kan tebur sai ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa da zarar an kai ta inda za ta zauna. A ce allon jabu ne, a sayo wani, shi ma ya ɗauko halin na farkon.

Ruɗanin nan biyu tushensu ɗaya ne. Ana kallon allon shi kaɗai, ana auna shi da saurinsa da kuɗinsa, alhali kuwa ba shi kaɗai yake aiki ba. Wutar da ke shigarsa, da memorin da yake tashi daga kansa, da manhajar da aka zuba masa, da mutanen da ke kula da wannan manhaja shekara da shekaru, duk suna cikin abin da mai saye ya saya, ko ya sani ko bai sani ba.

## Ma'anar kalmomin

"Allo" a nan ba sikirin ake nufi ba. Shi ne koren faifan nan da ake jera kayan lantarki a kansa, wanda masu gyaran waya da rediyo ke kira fanel ko bod. Kwamfuta mai allo ɗaya, wadda ake taƙaita sunanta da SBC, cikakkiyar kwamfuta ce da aka tara gaɓoɓinta duka a kan faifai guda, sau da yawa bai fi girman katin ATM ba. A kansa akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke riƙe abin da ake aiki a kai ta kuma mance da shi da zarar wuta ta ɗauke, sai kafofin USB da na intanet da na sikirin. Tana tafiya da babbar manhaja, irin aikin da Windows ke yi a laftof ko Android a waya. A waɗannan alluna galibi Linux ce.

Maikurokwanturola kuwa, wanda za mu riƙa kira kwanturola don sauƙi, IC ne guda ɗaya, ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu. Ba shi da babbar manhaja. Shiri ɗaya ake zuba masa, ya yi ta maimaita shi daga shigar wuta har ɗaukewarta. Arduino Uno da ESP32 da Raspberry Pi Pico duk wannan gida suke, ko da yake sunan na ƙarshen yana rikita mutane.

Dasasshiyar kwamfuta ita ce wadda aka binne a cikin wata na'ura don ta yi mata aiki guda: ta cikin mitar wuta ta kati, da na'urar POS, da inbata. Sansa ita ce na'urar da ke jin wani abu na zahiri, kamar zafi ko laima ko nisa, ta mayar da shi saƙon lantarki. Rile makunni ne da ƙaramar wuta ke sarrafawa don ya kunna babba. GPIO kuma su ne ƙafafun ƙarfen nan da ke jere a gefen allo, ta inda yake magana da sansa da rile. Saura ma'aunan wuta uku. A ɗauki wuta kamar ruwa a bututu: bolt shi ne ƙarfin turin, amfiya yawan ruwan da ke wucewa, wat kuwa abin da ake samu idan aka ninka bolt da amfiya.

## Daga ina aka faro

Arduino ne ya riga fitowa, a shekarar 2005, a wata makarantar zane da ƙira da ke garin Ivrea na Italiya, don ɗaliban da ba injiniyoyi ba su iya haɗa abu mai motsi. Raspberry Pi kuma a Kambirij ta Ingila aka haife shi. Eben Upton da abokansa sun lura cewa matasan da ke neman karatun kwamfuta a jami'a suna zuwa ba su taɓa rubuta shiri da hannunsu ba, sai suka ƙudura samar da kwamfutar da yaro zai iya wasa da ita ba tare da tsoron lalata ta gida ba. Ta fara shiga kasuwa ranar 29 ga Fabrairu, 2012, a kan dala 35, da RAM mai megabayit 256.

Wannan asali yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya. Don aji aka ƙera Raspberry Pi, a ƙasa mai sanyi wadda ba a cika ɗauke wuta ba. Shi ya sa aka zaɓi memori kati a matsayin ma'ajiyarsa, aka ciyar da shi da cajar waya, aka bar shi babu agogo mai batir. Injiniyoyi ne suka gan shi da araha suka ɗauke shi zuwa masana'anta da gona da rufin gida, wuraren da ba don su aka tsara shi ba. Daga baya kamfanonin ƙasar Sin suka shigo da Orange Pi da Banana Pi da allunan Radxa, Hardkernel na Koriya ta Kudu ya fito da Odroid, NVIDIA kuma ya kawo Jetson Nano a 2019 a kan dala 99 don aikin gane hotuna.

## Tambayar da ta riga kowace

Kafin a tambayi wane allo, sai a tambayi ko aikin yana buƙatar Linux tukuna. Arduino Uno na asali yana da RAM kilobayit 2 kacal. Raspberry Pi 5 mai gigabayit 16 ya ninka shi fiye da sau miliyan takwas. Duk da haka akwai ayyukan da Uno ya fi Pi iyawa, kuma ba kaɗan ba ne.

Dalili na farko lokaci ne. Linux tana raba hankalin furosesa tsakanin shirye-shirye barkatai, saboda haka ba ta iya yin alkawarin cewa za ta amsa wata ƙafa a daidai ƙiftawar da ake so. Kwanturola ba shi da wani aiki sai naka. Idan ana ƙirga juyin injin ko ana tuƙa mota mai taku, wannan bambanci shi ne komai. Haka nan kwanturola yana kama aiki nan take da shigar wuta, yayin da Pi ke ɗaukar daƙiƙoƙi masu yawa yana tashi.

Na biyu cin wuta ne, kuma lissafinsa ba wuya. Raspberry Pi 4 da ke zaune ba ya wani aiki yana cin wajen wat 3. A awa 24 ya ci wat-awa 72 ke nan. Ƙaramin batirin nan na bolt 12 mai amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, kuma rabin haka ne kawai ya kamata a zuƙa daga batirin dalma idan ana son ya yi ƙarko. Ke nan ko yini da kwana ba zai kai ba. ESP32, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016 da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, yana iya yin barci, ya farka duk bayan minti goma ya auna laimar ƙasa, ya aika, ya koma barci, kuma a cikin barcin abin da guntun ke ci bai taka kara ya karya ba. Sai dai a lura, allunan gwajin da ake sayarwa da ESP32 a kansu suna da wasu kayan da ba sa barci tare da shi, don haka cinsu ya fi abin da takardar guntun ta faɗa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba sababbin shiga mamaki. Raspberry Pi ba shi da ƙafar da ke auna wuta mai hawa da sauka. Akwai ko babu kawai ya sani. Mai son auna bolt ɗin batir ko karanta sansar laima ta gargajiya sai ya ƙara masa wani guntu irin su ADS1115 ko MCP3008. Uno yana da irin waɗannan ƙafafu shida tun daga kamfani.

Ina Linux ta zama dole? Idan akwai kyamara da sarrafa hoto, ko rumbun bayanai, ko shafin intanet da mutane da yawa za su buɗe, ko sikirin mai cikakken zane, ko kayan USB iri-iri. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sayen SBC ƙarin kuɗi ne da ƙarin hanyoyin lalacewa.

## Idan an tabbatar SBC ake so

Raspberry Pi ba shi ne mafi sauri ba, ba kuma shi ne mafi araha ba. Abin da ya fi sauran da shi jama'a ne. Kusan duk matsalar da mutum zai ci karo da ita, wani ya riga shi, an kuma rubuta maganinta. Manhajarsa ta hukuma har yau tana tashi a kan allunan farko. A cikin gidan nasa ma akwai zaɓi: Pi Zero 2 W, wanda ya fito a 2021 a kan dala 15 da RAM megabayit 512, ya isa ƙananan ayyuka da yawa da ake saya wa Pi 4 ko Pi 5 ba gaira ba dalili.

Orange Pi 5 da Rock 5B na Radxa suna amfani da furosesar Rockchip mai ƙwaƙwalwa takwas, har da wani sashe na musamman don lissafin ƙirƙirarriyar basira. A takarda sun bar Pi a baya. Amma tsugune ba ta ƙare ba idan aka zo kan manhaja. Sau da yawa kamfani yakan saki allo da tsohuwar zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, da ya yi wa kwaskwarima don allonsa, sannan ya juya ga sabon samfuri. Direba, wato ƙaramar manhajar da ke fassara tsakanin Linux da wani kaya kamar kyamara, sai ya yi aiki a wannan kanel ya ƙi a wancan. Masu aikin sa kai na Armbian suna cike giɓin gwargwadon iko, amma ba kowane allo suke kula da shi daidai ba. Kafin a biya kuɗi, ya dace a duba yaushe aka saki manhajar allon ta ƙarshe, kuma wa ya sake ta. Wannan ya fi adadin ƙwaƙwalwar furosesa faɗin gaskiya.

BeagleBone Black, wanda ya fito a 2013, tsoho ne kuma mai nawa idan aka auna shi da na yanzu, amma injiniyoyin sarrafa injuna ba su rabu da shi ba. Yana da ma'ajiyar eMMC da aka liƙa a jikinsa, da ƙafafu bakwai masu auna wuta, da wasu ƙananan ƙwaƙwalwa biyu da ake kira PRU masu aiki kamar kwanturola a cikin guntun. Ƙafafun auna wutar nasa bolt 1.8 ne iyakarsu, abin da ya ƙona alluna da dama. Jetson kuwa don aiki ɗaya ake sayensa, wato gane abubuwa a hoto da bidiyo. Jetson Nano na farko ya tsaya a kan Ubuntu 18.04, darasi ga duk wanda ya ɗauka cewa babban kamfani shi ne tabbacin sabuntawa har abada.

## Wuta, uwar matsaloli

Idan SBC na sake tashi da kanta, ko linzami da kibod na ɗaukewa, ko Wi-Fi na yankewa, ko memori na yawan lalacewa, wuta ce abin zargi na farko. Raspberry Pi yana ɗaga tutar gargaɗi idan wutar da ke isa gare shi ta faɗi ƙasa da kusan bolt 4.63. Tazarar da ke tsakanin 5 da 4.63 ƙarama ce ƙwarai, kuma igiyar caja kaɗai tana iya cinye ta. Siririyar igiya mai turjiyar om 0.2, idan amfiya 2.5 ta bi ta cikinta, za ta zubar da rabin bolt a hanya. Caja ta ba da 5, allo ya karɓi 4.5. Dalilin ke nan da cajar kamfanin Raspberry Pi take fitar da bolt 5.1 da igiya mai kauri.

Abin da ke ɓatar da masu gyara shi ne idan suka ɗora mita a kan cajar ba tare da komai a jikinta ba, sai su ga bolt 5 cif, su wanke ta daga laifi. Faɗuwar ba ta bayyana sai lokacin da allon ya ja wuta da ƙarfi, wani lokaci na ƙiftawar ido da mita ba ta ma kama ba. Allon da kansa ya fi mita riƙe labarin. Idan aka rubuta umarnin vcgencmd get_throttled ya amsa da 0x0, lafiya. Idan ya ce 0x50000, to wuta ta taɓa faɗuwa tun bayan tashinsa har ya rage gudu. Idan ya ce 0x50005, yanzu haka ma a cikin matsalar yake.

Buƙatar kuma ƙaruwa take yi. Pi 3 amfiya 2.5 aka tanadar masa, Pi 4 amfiya 3, Pi 5 kuma amfiya 5. A nan cajar waya mai saurin caji take yaudarar mutane. An rubuta mata wat 33 ko 65, amma tana kaiwa ga wannan adadi ne ta hanyar ɗaga bolt zuwa 9 ko fiye. A bolt 5, wanda shi kaɗai Pi ke karɓa, yawancinsu ba sa wuce amfiya 3. Pi 5 zai tashi da irin wannan caja, sai dai zai taƙaita abin da yake bai wa kafofin USB zuwa miliamfiya 600, daga nan ma'ajiyar waje ta fara ɓacewa tana dawowa.

Akwai kuma lokacin da laifin na allon ne da gaske, kuma adalci ne a faɗa. Pi 4 na farko da ya fito a Yunin 2019 yana da kuskure a kafarsa ta USB-C: an haɗa layuka biyu a kan razista ɗaya maimakon kowanne da nasa. Igiyoyi masu tsada da ke da ɗan guntu a ciki sai suka ɗauke shi a matsayin kayan sauti suka hana shi wuta, masu araha kuwa suka yi aiki. An gyara a bugun da ya biyo baya.

Sai kayan da ake rataya wa allon. Ƙafar GPIO saƙo take bayarwa, 'yan miliamfiya kaɗan take iya ɗauka. Mota ko famfo ko rile kowanne yana son wutarsa daban, da dayod da zai tare wutar da ke dawowa da baya idan an kashe shi. Guntun layin waya na SIM800L, wanda ɗalibai ke so don aika saƙon tes, yana fizgar har amfiya 2 a lokacin da yake neman sabis, kuma tsakanin bolt 3.4 da 4.4 yake aiki. Wanda ya ciyar da shi daga jikin allo zai ga komai ya mutu a daidai lokacin aika saƙo, ya kwana yana neman kuskure a shirin da ba shi da laifi. Mai ɗaukar wuta daga batirin sola kuma yana buƙatar na'urar da ke sauke bolt 12 zuwa 5, kuma wajibi ne a saita ta da mita kafin a jona allo, domin masu ɗan sukurun juyawa ba a bolt 5 suke zuwa daga kamfani ba.

## Memori da ɗaukewar wuta

Linux ba ta daina rubutu. Ko ba a taɓa ta ba tana ajiye rahoton abin da ke faruwa, tana kuma riƙe wasu bayanai a RAM kafin ta sauke su a memori. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, abin da ya lalace yana iya zama fayil ɗin da allon ke buƙata don ya tashi. A ƙasar da aka ƙera Pi wannan tsautsayi ne na jefi-jefi. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ana sauyawa daga ta gwamnati zuwa janareto, abu ne da za a sa rai da shi tun ranar farko.

Memorin jabu yana ƙara dagula lamarin. Akan sami kati da aka rubuta wa gigabayit 64, kwamfuta ma ta nuna hakan, alhali ainihin cikinsa bai kai ko kusa ba. Zai yi aiki har sai an cika ɗan abin da yake da shi, daga nan ya fara rubuta sabo a kan tsoho. Manhajojin H2testw da F3 suna cika katin su karanta shi don su tona asirinsa, kuma gwajin awa ɗaya ya fi asarar wata guda.

Magungunan suna hawa-hawa ne gwargwadon aljihu. Mafi araha shi ne a kulle memorin ya zama na karatu kawai, duk rubutu ya tafi RAM. Raspberry Pi OS tana da wannan zaɓi a cikin raspi-config. Sama da shi akwai katin da aka yi don kyamarar tsaro mai jure yawan rubutu, sai allo mai eMMC, sai ma'ajiyar SSD. Mafi inganci shi ne ɗan batirin da zai riƙe allon na minti ɗaya ko biyu, ya sanar da shi cewa wuta ta tafi, ya rufe kansa cikin tsari.

Ɗaukewar wuta tana da wata illa da ba a cika kawowa a rai ba. Duk Pi da ya gabaci na 5 ba shi da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe shi. Daga intanet yake tambayar lokaci. Idan ya tashi babu intanet, sai ya ci gaba daga lokacin da ya tuna na ƙarshe. Bayanan da ya tara su ɗauki kwanan wata na ƙarya, famfon da aka ce ya kunna da asuba ya kunna da azahar. Ɗan agogon DS3231 mai batir yana warware wannan da kuɗi kaɗan.

## Zafi da ƙura

Pi yana fara rage gudunsa idan guntun ya kai digiri 80, ya ƙara ragewa a 85. Allon da ke cikin ɗaki mai digiri 20 yana da sarari mai yawa kafin ya kai can. Wanda aka rufe a akwatin roba ƙarƙashin kwano, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin watan Afrilu, inda iskar waje kanta ke haura 40, ya fara tseren ne daga rabin hanya. Umarnin vcgencmd measure_temp yana faɗin zafin, kuma da rana tsaka ya kamata a auna, akwatin a rufe. Fanka tana taimakawa, amma tana zuƙo ƙurar hunturu, kuma ita ce gaɓar da ke fara mutuwa. Ga na'urar da za a bari babu mai duba ta, gidan alminiyom mai zuƙe zafi ba tare da fanka ba ya fi kwanciyar hankali.

## Ƙafafu da wayoyi

Ƙafafun Pi da na ESP32 da bolt 3.3 suke aiki, na Uno kuwa da 5. Sansar auna nisa ta HC-SR04, wadda kusan kowane mai koyo ke farawa da ita, tana mayar da amsa da bolt 5. A Uno babu komai. A Pi tana iya kashe ƙafar, ko guntun gaba ɗaya. Razista biyu, mai om 1,000 da mai om 2,000, sun isa su sauke amsar zuwa 3.3. Haka kuma duk na'urori biyu da za su yi magana dole a haɗa layinsu na GND, wato nagetif, ko da kowacce da wutarta. Rashin wannan waya ɗaya yana haifar da karatun da ke tsalle-tsalle babu dalili.

Lambobin ƙafafun ma tarko ne. Ƙafa ta 11 idan aka ƙirga a jikin allo ita ce GPIO17 a cikin shiri. Allunan da suka kwaikwayi jerin ƙafafu 40 na Pi sun yi kama da shi a ido, amma lambobinsu na ciki daban ne, don haka shirin da aka kwafo ba lalle ya yi aiki ba. Ko a cikin gidan Pi, tsohuwar manhajar RPi.GPIO ba ta aiki a Pi 5, saboda an mayar da kula da ƙafafun hannun wani sabon guntu mai suna RP1. Layin I2C kuma, wanda sansa da yawa ke amfani da shi, don 'yar tazara a cikin akwati aka yi shi. Wanda ya ja shi mita goma zuwa tankin ruwa zai sha wahala. Aikin nesa na RS-485 ne, wanda ke iya kaiwa wajen mita 1,200.

## Allon da ya ƙi tashi

Baƙin sikirin ba shaidar mutuwa ba ce. A cire komai, a bar wuta da memori kawai, a kalli fitilun. A Pi, koriyar fitila tana ƙiftawa idan ana karanta memori, kuma idan tashi ya gagara tana yin ƙiftawa mai ƙidaya wadda kamfanin ya wallafa ma'anarta. Daga nan a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda: wata caja, sannan wata igiya, sannan sabon memori. Mai sauya uku a tare, ko ya dace, bai san abin da ya gyara ba.

Kayan aikin da ya fi kowanne amfani a nan shi ne ɗan adaftan USB zuwa siriyal. Da wayoyi uku, GND da TX da RX, ana karanta duk abin da allon ke faɗa tun daga daƙiƙar farko, kafin sikirin ya san ana yi. TX na wannan yana zuwa RX na wancan. Gudun maganar a Pi 115200 ne, amma allunan Rockchip da yawa a 1500000 suke magana, kuma ba kowane adafta ke kaiwa can ba. Wanda bai san haka ba zai ga tarkacen haruffa ya yanke hukuncin cewa allon ya ƙone.

## Inda masana suka saɓa

Wasu injiniyoyi suna ganin bai dace a saka Raspberry Pi a kayan da za a sayar ko a dogara da su ba, saboda memorin kati da kafofin da girgiza ke kwancewa. Wasu suna amsa cewa don haka aka yi Compute Module, wato Pi da aka cire wa kafofi, ana samunsa da eMMC, a dasa shi a allon da mutum ya zana da kansa. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, domin ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Akwai kuma masu cewa Pi ya bar asalinsa. A ƙarancin guntayen lantarki na 2021 zuwa 2023, kamfanin ya fifita masana'antun da suka dogara da shi, masu koyo suka koma saye a hannun 'yan sari da ninkin kuɗi. A Yunin 2024 ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan. Pi 5 ya fara ne daga dala 60, kuma idan aka haɗa caja da fanka da gida da ma'ajiya, kuɗin yana kusantar na ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu. Wannan hujja tana da ƙarfi ga mai son sabar gida kawai. Ba ta da ƙarfi ga mai buƙatar ƙafafun GPIO ko mai ƙirga kowane wat daga sola. Masu kishin buɗaɗɗiyar fasaha kuma suna fifita BeagleBone, wanda zanensa duka a fili yake kuma ana iya sayen furosesarsa a kasuwa, saɓanin na Broadcom da ke kan Pi.

## Inda lamarin ya dosa

Iyakar da ke tsakanin gidajen biyu tana dushewa. Kamfanin Raspberry Pi da kansa ya shiga sana'ar kwanturola da Pico a Janairun 2021 a kan dala 4, sannan Pico 2 na 2024 ya zo da ƙwaƙwalwar Arm da ta RISC-V, wani buɗaɗɗen tsarin ƙira, a guntu ɗaya. A ƙarshen 2024 kuma aka shigar da gyaran PREEMPT_RT cikin kanel na 6.12, wanda ke rage jinkirin Linux wajen amsawa, ko da yake bai mayar da ita kwanturola ba. Yawan haɗa waɗannan na'urori da intanet ya kawo batun tsaro. Cutar kwamfuta ta Mirai a 2016 ta mamaye kyamarori da rawutoci ne ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani, kuma a Afrilun 2022 Raspberry Pi OS ta daina zuwa da sunan shiga da kalmar sirri na bai-ɗaya.

A aikace, tsarin da ke ƙara karɓuwa shi ne raba aikin gida biyu. A ɗauki rijiyar burtsatse mai famfon sola da tanki a sama. Pico ko ESP32 shi ke karanta tsayin ruwa, ya kunna rile, ya kashe idan tanki ya cika ko rijiya ta ja baya. Pi Zero 2 W yana gefe, da memorinsa a kulle da agogonsa mai batir, yana karɓar rahoto ta waya uku, yana ajiyewa, yana nuna wa mai gona a wayarsa. Ranar da memorin Pi ya lalace, ko zafin Afrilu ya sa shi sanyin jiki, mai gona zai rasa rahoton wannan yini, amma tankin zai cika, famfon kuma ya tsaya a lokacinsa.